An gayyace ni gwajin ɗanɗanon sabon askirim: me ake yi a ciki, me kuma zan kiyaye?

Maman_Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani kamfanin binciken kasuwa ne ya kira ni, suka tambaye ni sau nawa muke shan askirim a gida da irin wanda muke saye. Daga ƙarshe suka ce na dace, in zo ranar Asabar da hantsi a ba ni sababbin samfura in ɗanɗana. Sun ce bai wuce minti 45 ba, kuma akwai kuɗin mota. Don Allah waɗanda suka san harkar, me ake yi a ciki? Sai mai harshen gane ɗanɗano sosai, ko kowa ma zai iya? Akwai abin da ba a so a ci kafin a je? Sannan ta yaya zan san halal ne, tunda ba a mazubinsa na kanti za a kawo shi ba?

Abu_Sadik

Wa'alaikumus salam Maman Hanifa. Kwantar da hankalinki, ba jarrabawa ba ce. Masu yin askirim mutane iri biyu suke ba ɗanɗano. Akwai ƙwararru, kamar mutum 8 zuwa 12, waɗanda aka yi wata da watanni ana horarwa. Su aikinsu awo ne: zaƙin ya kai ina, ƙanƙarar ta kai ina. Ba ruwan kowa da ko abin ya yi musu. Sai kuma masu saye irinki, da ake tara mutum 60 zuwa 100 ko fiye, tambayar kuma ɗaya ce ake juya ta ta fuskoki da yawa: ya yi miki ko bai yi miki ba? Da ke ƙwararriya ce, da ba su kira ki ba. Abin da ya sa ke nan tun a waya suke cire mai aiki a kamfanin abinci ko na talla ko na binciken kasuwa, da wanda ya shiga irin wannan gwajin 'yan watannin baya.

Shirin daga gida yake farawa. Ki karya kumallo kamar awa biyu kafin lokacin. Mai jin yunwa komai daɗi yake masa, wanda ya ƙoshi kuma tun a kofi na biyu abin zai ginshe shi. Awa ɗaya kafin ki shiga, ki bar goro, shayi mai citta da kanumfari, gahawa, alewar minti, cingam da duk wani abu mai yaji. Kada ki wanke baki da makilin dab da fita, domin sinadarin da ke sa shi kumfa yana dakushe jin zaƙi na wani lokaci. Abin da ya fi wahalar da mutanenmu shi ne turare. Ranar a haƙura da humra da turaren wuta a kaya da man shafawa mai ƙamshi, har da jan baki mai ɗanɗano. Yawancin abin da muke kira ɗanɗanon banila ko na sitiroberi, hanci ne ke jin sa ta bayan maƙogwaro, ba harshe ba. Turarenki zai ɓata miki, ya ɓata wa na kusa da ke. Da wannan dalilin ne kuma idan mura ta toshe miki hanci, gara ki kira su a sauya miki rana.

Idan kin isa, za a fara ba ki takardar amincewa: me za ki ci, wane sinadari ne a ciki da ka iya tayar wa wani ciwo, me za a yi da bayananki. Wasu kan haɗa da alkawarin ba za ki ɗauki hoto ko ki faɗi abin da kika gani ba, tunda kayan bai fita kasuwa ba. Daga nan a zaunar da ke ke kaɗai, ko a ɗan keɓaɓɓen gurbi ko a tebur mai tazara. Ba a hira, ba a leƙen fom ɗin wani, ko yamutsa fuska ma ba a so, don wanda ya ga kin yamutsa zai rage makinsa ba tare da ya sani ba.

Askirim ɗin zai zo a ɗan farin kofi, cokali biyu zuwa uku, wajen giram 30, babu suna sai lamba mai alƙaluma uku, kamar 482 ko 719. Ba sa rubuta A da B ko 1 da 2, saboda mutane suna karkata ga wanda ya yi kama da na ɗaya. Kofi huɗu zuwa shida ake bayarwa, ɗaya bayan ɗaya, kuma jerin da aka ba ki ba shi aka ba maƙwabciyarki ba. Da gangan ne: kofin farko yakan samu maki sama da haƙƙinsa, wanda kuma ya biyo bayan mai daɗi sosai yakan sha ƙasa, don haka ake juya jerin kowa ya samu rabonsa na zama farko. Abu na farko da za ki yi duk lokacin da aka ajiye kofi, ki duba lambarsa ta yi daidai da ta kan fom ko allon da aka ba ki. Kuskuren da ya fi yawa ke nan, kuma idan aka saka amsa a ƙarƙashin lambar da ba ita ba, aikinki na ranar ya tashi a banza.

Tambayar farko kusan kullum ita ce ta ma'auni mai mataki 9. Tara na nufin ina matuƙar son sa, biyar ba so ba ƙi, ɗaya kuma na ƙi shi matuƙa. Wannan ma'aunin tsoho ne, David Peryam da abokan aikinsa suka ƙirƙiro shi a cibiyar binciken abincin sojojin Amurka da ke Chicago a ƙarshen shekarun 1940, don gane abincin da soja zai ci da wanda zai bari. Har yau shi ake amfani da shi. Sai tambayoyin “daidai ne?” masu mataki 5: zaƙi ya yi kaɗan sosai, ya ɗan gaza, daidai, ya ɗan yi yawa, ya yi yawa sosai. Haka za a tambaye ki kan kauri, ƙamshi, launi da maiƙo. Ƙarshe: da za ki gan shi a kanti, za ki saya?

Inda muke ɓata abin shi ne kara. An ba mu kyauta, an yi mana fara'a, sai mu ji nauyin cewa bai yi daɗi ba, mu bi kowane kofi da 8 ko 9. Wanda ya ba kofi biyar maki iri ɗaya bai gaya wa kamfani komai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarinyar da ta miƙo miki kofin ba ita ta haɗa shi ba, galibi ba ta ma san wanne ne wanne ba, kuma kuɗin motarki ba ya ƙaruwa ko raguwa saboda amsarki. Ga yadda amsar take aiki: idan wajen mutum 20 cikin 100 suka ce zaƙi ya yi yawa, aka kuma ga makin son da suka bayar ya faɗi ƙasa da na waɗanda suka ce daidai, to za a koma a rage sukari. Idan kowa ya yi kara, haka za a fitar da shi kasuwa da zaƙinsa.

Injiniya_Ɗanlami

Malam Abu Sadik ya gama da tsari. Bari in ƙara kan abin da zai faru a cikin baki, don akwai gurbin da za a ce ki rubuta me kika so, me ba ki so ba, kuma “ya yi daɗi” ba ta taimakon kowa.

Ki fara ci da zarar an ajiye. Ana adana askirim a digiri 18 ƙasa da sifili ko ƙasa da haka, amma kafin a ba masu gwaji ana ɗan sassauta shi zuwa wajen 12 ko 14 ƙasa da sifili. Sanyi mai tsanani yana kashe harshe, yana rage jin zaƙi, ƙamshi kuma ba ya tashi. Ɗan kofin giram 30 a ɗakin da ba sanyi sosai, minti biyu zuwa uku ya fara zama ruwa a gefe, kuma narkakke ya fi zaƙi a baki nesa ba kusa ba. Idan kika tsaya karanta fom har ya narke, wani abu daban kika auna, ba wanda sauran suka ci ba. In an kawo miki shi ya riga ya narke, ki ɗaga hannu a sauya.

Ki duba shi da ido, ki sa cokali ki ji yadda yake yankuwa. Ki ɗebi rabin cokali ki ɗora a tsakiyar harshe, kada ki tauna. Ki ɗan danna shi da harshe sama, ki bar shi ya narke, ki haɗiye, sannan ki fitar da numfashi ta hanci baki a rufe. A nan ƙamshin zai fito. Cokali na biyu shi ne na hukunci, na farko baki yana fama da sanyi ne kawai. Kada ki cika cokali ki manna a ganɗa, shi ke kawo ciwon goshin nan mai sara na 'yan daƙiƙu. In ya zo, ki manna harshe a ganɗar ko ki kurɓi ruwa mai ɗumi, zai wuce.

Abubuwan da za ki iya ji, da dalilinsu:

Ƙanƙara-ƙanƙara. Kina jin ƙurus-ƙurus, sanyin ya fi kima, sai kuma ya zama ruwa nan da nan. Askirim yana fitowa daga inji a wajen digiri 5 ko 6 ƙasa da sifili, kusan rabin ruwansa ne kawai ya daskare, sai a garzaya da shi ɗakin sanyi mai tsanani don ƙwayoyin ƙanƙarar su tsaya ƙanana. Idan aka yi jinkiri, ko ya ɗan saki ya sake daskarewa, ƙananan ƙwayoyin suna narkewa ruwansu ya hau kan manya, manyan su ƙara girma har harshe ya ji su. Kowace ɗaukewar wuta tana ƙara wannan.

Rairayi-rairayi. Wannan daban ne, kuma mutane suna haɗa su. Yadda za ki bambance: ƙanƙara tana narkewa ta ɓace, rairayin kuwa yana nan a harshe da maƙogwaro bayan askirim ɗin ya narke. Sukarin madara ne ya dunƙule, saboda an cika garin madara a haɗin, sannan ya daɗe a ajiye sanyi yana hawa yana sauka.

Danƙo ko yauƙi. Yana jan zare a cokali, ko ya ƙi narkewa ya zauna a kofi kamar kumfar sabulu. An cika sinadaran kama jiki ne, irin su guwa da karajinan. Kaɗan ake sakawa, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100, don hana ƙanƙara girma. Da ya ɗan wuce sai danƙo.

Maiƙo a ganɗa. Bayan kin haɗiye sai ki ji wani abu ya shafe saman bakinki bai tafi ba. Ko dai kitsen ya dunƙule a inji, ko an yi amfani da man tsiro wanda zafin baki ba ya narkar da shi sarai. Askirim da yawa masu sauƙin kuɗi da garin madara da man tsiro ake yin su, ba da kitsen madara ba, kuma kamfani na iya kiran ku ne musamman don ya ga ko za ku gane sauyin man.

Iska. Duk askirim akwai iskar da aka kaɗa a ciki, ba don ita ba da dutse za ki ci. Mai araha yakan kai rabinsa iska ne, lita ɗaya ta haɗi ta koma lita biyu. Mai tsada iskarsa kaɗan ce, shi ya sa ya fi nauyi da garɗi, ya kuma fi sanyi a baki. A Amurka doka ce ma, ba a kiran abu askirim sai kitsen madararsa ya kai kashi 10 cikin 100, galan ɗaya kuma bai gaza fam 4.5 a nauyi ba, don kada a sayar wa mutane iska. Babu wanda ya fi wani a nan, wasu sun fi son mai sauƙin. Abin da ya yi miki shi za ki faɗa.

Sai ɗanɗanon da ke biyo baya: ɗaci ko wani zaƙi mai naci da ke zama a maƙogwaro, wanda yakan nuna an sa abin zaƙi da ba sukari ba, ƙarni, warin kwali ko na tsohon mai, ɗanɗanon madarar da ta sha wuta. Ba sai kin san sunan matsalar ba. Ki rubuta da kalmominki, ki faɗi lokacin da kika ji: “farko daɗi, bayan na haɗiye sai ɗaci”, ko “ya narke da wuri, ƙamshin cakulan bai fito ba”. Mai haɗa askirim zai gane inda zai taɓa daga wannan.

Tsakanin kofi da kofi za a ba ki ruwa da busasshen biskit mara gishiri. Ki gutsiri biskit, ki kurkure da ruwan, ki jira minti ɗaya ko biyu bakin ya dawo da ɗuminsa. Ruwan ba mai sanyi ba ne, da gangan, don ruwan sanyi daskarar da maiƙon yake yi a baki maimakon ya wanke shi. Kuma ba dole ki cinye kowane kofi ba.

Maman_Hanifa

Allah ya saka da alheri. To idan na ji kofi biyu duk ɗaya ne, ban ji wani bambanci ba fa? Kuma har yanzu maganar halal ɗin tana raina.

Abu_Sadik

Ki ba su maki iri ɗaya, ba laifi. Wani lokacin ɗaya ɗin ne, ana maimaita samfuri don a ga ko amsar mutum tana tsayawa. Sau da yawa kuma ɗaya daga cikin kofunan na kasuwa ne da kika saba saye, irin su FanIce ko Supreme, an cire masa suna don a gwada sabon da shi. Kada ki ɓata lokaci wajen cankar wanne ne.

Akwai wani gwajin daban da za ki iya cin karo da shi: a jera miki kofi uku a tare, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ki nuna na daban. Ki ɗanɗana daga hagu zuwa dama. A wannan dole ki zaɓa ko da ba ki ji bambanci ba, lissafin ya riga ya san mutum ɗaya cikin uku zai dace da canka kawai. Idan kika ga fitilar wurin ja ce, launi ake ɓoyewa don kada ido ya ba da amsa.

Malama_Bilkisu

'Yar'uwa, haƙƙinki ne ki ga jerin kayan haɗi kafin ki sa komai a baki. Suna iya ɓoye sunan kamfani da adadin kowane abu, amma ba sa ɓoye abin da ke ciki. Ki kira tun kafin Asabar ki tambaya, kada ki bari sai kin zauna.

Ta fuskar halal abu huɗu za ki tambaya. Jelatin: ba kowane askirim ke da shi ba, an fi samun sa a kayan da ake barbaɗawa ciki kamar alewa mai taushi, kuma yana iya zama na saniya, na kifi ko na alade. E471: yana haɗa mai da ruwa, ana yin sa daga man tsiro ko kitsen dabba, yawanci na manja ne ko waken suya, amma a tambaya. E120: jan launi ne da ake samu daga wani ƙwaro, yakan shiga na sitiroberi, malamai sun saɓa a kansa. Sai barasa. Ruwan banila na asali da barasa ake tatso shi, a dokar Amurka ma sai ta kai kashi 35 cikin 100 na ruwan, ko da yake ɗigo kaɗan ke shiga askirim, kuma masu araha galibi banilar haɗi suke sakawa. Irin wanda ake jiƙa zabibi a giya kuwa, wannan a fili yake. Idan mai kula da wurin ya ce bai sani ba, bai kuma iya kiran wanda ya sani ba, ki bar kofin. Kina da damar tashi a kowane lokaci.

Ta fuskar lafiya, wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ƙwai, waken suya, alkama ko madara, yana ƙaiƙayi ko kumburi ko numfashi ya sarƙe, kada ya je sam, ko da an ce samfurin babu gyaɗa. Ludayin ɗiba ɗaya yana iya shiga mazubi biyu. Wannan daban yake da wanda madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa. Shi sukarin madara ne jikinsa ba ya narkarwa, kuma askirim yana da kamar giram 5 zuwa 6 na wannan a kowane giram 100, don haka cokali biyu-biyu ba ya damun yawancinsu. Mai ciwon suga ya yi lissafi: kofi biyar na giram 30 giram 150 ke nan, sukarin ciki ya kai wajen giram 30. Mai juna biyu kuma ta faɗa tun a waya. Sanyi ba ya kashe listeriya, ƙwayar cutar da ke da haɗari musamman ga mai juna biyu. A 2015 kamfanin Blue Bell na Amurka ya janye duk kayansa daga kasuwa bayan an danganta askirim ɗinsa da rashin lafiyar mutum 10, uku daga ciki suka rasu a jihar Kansas. Samfurin da bai fita kasuwa ba, ba lallai ki ga lambar NAFDAC a jikinsa ba, saboda haka ki tambaya a masana'anta mai rajista aka yi shi, kuma an dafa haɗin madarar kafin a daskarar.

Ki kuma tabbatar gayyatar ta gaskiya ce. Kamfanin bincike na ƙwarai ba ya karɓar kuɗin rajista, ba ya neman BVN, lambar katin banki ko lambar sirrin da ake turowa a waya, ba ya kuma ƙarewa da tallata miki kaya. Ki nemi sunan kamfanin da adireshin wurin a rubuce, ki binciki lambar ofishinsu da kanki ki kira. Wurin ya zama ofis, zaure ko wani fili da jama'a ke shiga, ki gaya wa maigida ko wani a gida inda za ki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ki damar sanin me za a yi da sunanki da lambarki. In sun ce ki zo da yara, sai da sa hannunki, kuma kada ki ba da amsa a madadinsu, ki bar yaro ya nuna hoton fuskar da ta dace da abin da ya ji a fom ɗinsa.

Injiniya_Ɗanlami

Ƙari ɗaya, ko da za su ce ki tafi da roba gida ku sha na kwana biyu ko uku, don wasu suna haɗawa da wannan. Ki je da kula da ƙanƙara a ciki, daga wurin sai gida. Ki sa shi can ƙasan firiza ko ciki sosai, ba a bakin ƙofa ba. Duk lokacin da kika ɗiba, ki shimfiɗa leda mai tsabta a kan fuskar abin da ya rage kafin ki rufe, ki mayar nan take. Idan an ɗauke wuta, kada a riƙa buɗe firizar, sannan ki rubuta a fom ɗin awa nawa aka yi babu wuta. Kada ki ɓoye wannan don kunya, kamfanin da zai sayar a garuruwanmu yana buƙatar sanin yadda kayansa ke jure hakan. In kuwa ya narke ya zama ruwa gaba ɗaya, kada ki sake daskarar da shi ku sha. Ki zubar, ki kira su ki faɗa, ko su kawo wani ko su cire wannan robar daga lissafi.